MALAM-BUƊE-LITTAFI NA KAN TSAUNUKA

Duk matafiyin da ya biyo hanyar Kaduna zuwa Abuja, idan ya kawo Madalla kusa da Suleja, ba makawa sai ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Zuma. Tsayinsa daga gindi zuwa ƙololuwa kimanin mita 300 ne, ƙololuwar kuwa tana wajen mita 700 bisa teku. Saboda shahararsa ne aka sa hotonsa a bayan takardar naira 100 a shekarar 1999. Garin Suleja kansa, wanda da can shi ake kira Abuja kafin sabon babban birnin Tarayya ya ɗauki sunan bayan shawarar 1976, a tsakiyar duwatsu yake zaune, manya da ƙanana.

Mutane da yawa suna ɗaukar kan dutse a matsayin wurin banza, ba a noma shi, ba a gina a kai, amfaninsa bai wuce itacen wuta da farauta da tsakuwar gini ba. Wannan darasi zai nuna cewa akwai halittun da ba su da wani gida sai kan tudu, kuma idan gidan ya lalace ba su da wurin gudu. Misalin da za a ɗauka shi ne ɗan ƙwaron nan da kowane yaro ya sani, watau malam-buɗe-littafi.

Yadda rayuwarsa take

Malam-buɗe-littafi yana bin matakai huɗu kafin ya cika. Da fari macen takan saka ƙwai a jikin ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, wadda ba ta da aiki sai cin ganye. Idan tsutsar ta ƙoshi ta girma, sai ta daina ci, ta maƙale a jikin reshe ko dutse, ta shige cikin wani kwanso ta yi shiru. Bayan 'yan kwanaki ko makonni sai kwanson ya tsage, mai fikafikai ya fito.

Abin lura a nan shi ne tsutsar yawancin ire-irensa tana da ganyen da take ci, ba ta yarda da wani. Mai launin ruwan goro da baƙi da ɗigon fari, wanda ake yawan gani a bayan gari, tsutsarsa ganyen tumfafiya da danginta take ci. Fari-farin nan mai saurin tashi da ke taruwa a bakin kududdufi da damina, tasa tsutsar tafasa da rai-ɗore take so. Babban nan baƙi mai zanen ruwan ɗorawa kuwa, a jikin lemo yake saka ƙwai. Saboda haka idan tsiro ya ɓace daga wani wuri, malam-buɗe-littafin da ya dogara da shi ma ya ɓace ke nan.

Abu na biyu shi ne jikinsa ba ya riƙe ɗumi da kansa kamar na mutum ko na akuya. Daga rana yake samun zafi. Yawancinsu ba sa iya tashi sosai sai naman ƙirjinsu, inda fikafikai suke haɗe, ya ɗumama ya kai wajen digiri 30 a ma'aunin santigired. Shi ya sa da sassafe a lokacin hunturu ba a ganinsu, sai hantsi ya dubi ludayi. Wannan buɗe fikafikai da rufewa da ya jawo masa sunansa a Hausa, sau da yawa shan rana yake yi.

Arzikin Nijeriya a wannan fanni

A duniya duka an san iri wajen 18,000 ko fiye. Nahiyar Turai gaba ɗayanta ba ta da fiye da kimanin iri 500, Ingila kuwa wajen 60 kawai. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Torben Larsen, wanda ya shafe shekaru yana bincike a wannan yanki, ya wallafa babban littafi a kan malam-buɗe-littafi na Afirka ta Yamma a shekarar 2005, inda ya lissafa iri kusan 1,500 daga Senegal zuwa Nijeriya. Fiye da dubu daga cikinsu ana samunsu a Nijeriya. Kurmin Oban da ke Jihar Kuros Riba shi kaɗai yana da kusan iri dubu, abin da ya ninka na Turai duka.

Amma wannan yawa a kurmin ƙasa yake, inda akwai zafi da ruwa da itatuwa iri-iri. Da zarar mutum ya fara hawa tudu, sai adadin ya riƙa raguwa. Sai dai kuma waɗanda za a tarar a can sama, da yawansu ba a samunsu a ƙasa ko kaɗan. Watau kan tsauni yana da ƙarancin iri, amma irin nasa ba shi da madadi.

Matakalar tsawo

Dalilin wannan bambanci shi ne sanyi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ana iya ɗaukar ƙasar nan kamar matakala mai hawa huɗu.

Hawa na farko shi ne irin su Suleja, wadda ba ta kai mita 500 bisa teku ba, da duwatsun da ke kewaye da ita. Na biyu shi ne tsaunin Jos, inda garin yake wajen mita 1,200, duwatsun Shere kuma suka kai mita 1,829. Na uku shi ne tsaunin Mambila a Jihar Taraba da na Obudu a Kuros Riba, waɗanda suke wajen mita 1,600. Na huɗu shi ne Chappal Waddi, wanda Fulani suke kira Gangirwal, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, mai tsawon mita 2,419. Babu wurin da ya fi shi tsawo a Nijeriya. A bisa wancan lissafi, Gembu ta fi Suleja sanyi da wajen digiri 7, kan Gangirwal kuwa da wajen digiri 12.

Abin da ake gani a duwatsun Suleja

Dutsen Zuma da 'yan'uwansa ba su yi tsawon da zai sa yanayinsu ya bambanta da na ƙasa ƙwarai ba. Ire-iren da ke kansu su ne dai na dajin da ke kewaye. Duk da haka suna da wani aiki a rayuwar waɗannan ƙwari wanda mutane kaɗan ne suka lura da shi.

Akwai ire-iren da ba su da yawa, suna warwatse cikin daji, har ya zama da wuya namiji da mace su gamu. Masana sun gano, a Afirka da sauran nahiyoyi, cewa mazan irin waɗannan sukan nufi wuri mafi tsawo a yankinsu. Kowanne ya kama reshe ko kan dutse ya tsare, yana korar duk namijin da ya matso. Macen da ba ta yi barbara ba ita ma sai ta hau can, su sadu, sa'an nan ta sauko ta nemi ganyen da za ta saka ƙwai. Mai saka ƙwai a lemo yana cikin masu wannan hali, haka kuma manyan nan masu ƙarfin tashi da masana suke kira Charaxes. Ashe kan tudu dandali ne a wurinsu. Wanda ya hau ɗaya daga cikin ƙananan duwatsun da hantsi, a ranar da gari ya washe bayan ruwa, ya zauna shiru, zai iya ganin wannan da idonsa. Gani ya kori ji.

Ma'anar wannan ita ce idan aka sare 'yan itatuwan da ke kan tudu, ko aka fasa kan dutsen don tsakuwa, ɓarnar ba a nan kaɗai take tsayawa ba. An rushe wurin haɗuwar ƙwarin da ke zaune a faɗin dajin da ke kewaye.

Ko dutsen da ake gani fayau ba tsiro, shi ma yana da masu cin abinci a jikinsa. A tsaunin Jos akwai wani ƙarami da aka raɗa wa suna Alaena exotica a shekarar 2005, wanda a can aka san shi, a tsakanin duwatsu. Tsutsotsin danginsa gansakukar da ke maƙale a jikin dutse suke ci.

Mazauna Mambila da Obudu

Daga wajen mita 1,500 zuwa sama al'amari yakan sake. Akwai hazo da raɓa mai yawa, ga iska, ga sanyin dare. Filin ciyawa ne shimfiɗe, kurmi kuwa sai a kwazazzabai da bakin rafuka. A nan ake samun ire-iren da ba sa iya zama a ƙasa. Daga cikinsu akwai Colias electo, ɗan madaidaici mai ruwan lemo da baƙin gefe, mai yawo a filin ciyawa. Akwai kuma Papilio rex, babba mai zama a kurmin tudu, wanda launinsa ya kwaikwayi na wani iri mai ɗaci da tsuntsaye suke ƙyama, don haka shi ma suke ƙyale shi.

Abin mamaki shi ne 'yan'uwan waɗannan na kusa suna can tsaunukan Kenya da Yuganda da Habasha, tafiyar dubban kilomita, kuma babu su a ƙasar da ke tsakani. Bayanin da masana suka bayar shi ne duniya ta sha shiga zamanin sanyi, na baya-bayan nan ya yi tsanani kimanin shekara 20,000 da suka wuce. A irin waɗannan lokuta tsire-tsiren tudu sun sauko ƙasa sun yaɗu, ƙwarinsu kuma suka bi su. Da zafi ya dawo sai suka janye suka koma sama. Yanzu kowane tsauni ya zama kamar tsibiri, zafin ƙasa kuwa shi ne ruwan da ya kewaye shi.

Dabarun zama cikin sanyi

Allah ya hore wa mazauna tudu hanyoyin jure wa wurin zamansu. Ga manya daga ciki.

Na farko, duhun launi. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana. Da yawa daga cikin na kan tsauni gindin fikafikansu, kusa da jiki, yana da duhu, don ya kama zafi ya kai wa ƙirji.

Na biyu, gashi. Jikinsu yakan kasance da gashi mai laushi fiye da na 'yan'uwansu na ƙasa, wanda yake tare ɗumin da suka samu kada iska ta kwashe.

Na uku, iya shan rana. Dangin Colias sukan rufe fikafikai su kishingiɗa gefe ɗaya, su daidaita jikinsu da hasken rana sosai. Waɗansu sukan kwanta a kan dutse ko ƙasar da ta yi ɗumi. Da girgije ya rufe rana sai su faɗa cikin ciyawa su yi lamo har ta sake fitowa.

Na huɗu, tashi ƙasa-ƙasa. Wanda ya yi sama a kan tsauni iska na iya ɗauke shi ta jefa inda ba zai rayu ba. Don haka sukan bi saman ciyawa, su fake a bayan duwatsu da kwazazzabai.

Na biyar, jinkirin girma. Cikin sanyi tsutsa ba ta girma da sauri, saboda haka zuriyar da suke yi a shekara ba ta kai yawan ta na ƙasa ba. Wannan yana nufin idan annoba ta same su, sukan daɗe ba su farfaɗo ba.

Wadda ta bar tashi

Akwai dabara ta shida wadda ta fi duka ban mamaki, ita ce rage fikafikai. Misali mafi shahara yana ƙasar Benezuwela a Amurka ta Kudu, a kan tsaunukan Andes. Ƙasar zafi ce kamar Nijeriya, nisanta da tsakiyar duniya ma kusan ɗaya ne da na Suleja, amma tsaunukanta sun fi na nan tsawo nesa ba kusa ba. A shekarar 2003 wani masani ɗan ƙasar mai suna Ángel Viloria da abokan aikinsa suka ba da labarin wani iri da suka kira Redonda bordoni, mai zama a filin ciyawa sama da mita 3,000. Namijin yana da cikakkun fikafikai, yana tashi. Macen kuwa nata ƙanana ne, da ƙyar take tashi, yawancin rayuwarta a cikin ciyawa take yi.

Me ya sa haka? A wurin da iska take kaɗawa kullum, rana kuma ba ta daɗewa a buɗe, tashi yana da tsada kuma yana da haɗari. Macen tana ɗauke da nauyin ƙwai, sai ta sami zafi mai yawa kafin ta ɗaga. Ga shi kuma ciyawar da tsutsarta za ta ci tana nan ko'ina a ƙarƙashinta, ba sai ta je nema ba. Saboda haka wadda ta zauna wuri ɗaya, ta zuba ƙarfinta cikin ƙwai, ta fi barin zuriya. Da tafiya ta yi tafiya, sai fikafikan matan suka ragu.

A cikin dangin faɗa-wuta, watau masu tashi da dare, wannan hali ya fi yawa, musamman a kan tsaunuka da tsibirai masu iska. Ko a dazuzzukan ƙasar Hausa akwai tsutsar nan da take ɗinka wa kanta gida da 'yan tsinkaye, ana ganinta rataye a jikin reshe. A yawancin ire-irenta namiji ne kaɗai yake fitowa da fikafikai, macen kuwa a cikin gidan take ƙare rayuwarta.

Amma kowace dabara tana da kuɗinta. Wadda ta bar tashi ta tsira daga iska, sai dai ba ta iya tsere wa wuta ko kofaton shanu. Na kan Mambila suna da fikafikansu cikakku, amma matsalarsu ba ta da nisa da tata, gama ko sun tashi babu inda za su sauka. Ƙasa ta yi musu zafi, tsauni na gaba kuma ya yi nisa.

Haɗarin da ake ciki

Abu na farko shi ne wutar daji. Wutar da aka sa a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau, takan cinye ƙwai da tsutsa da kwanso gaba ɗaya, kuma kowace shekara takan ɗan gutsuri bakin kurmi. Na biyu shi ne yawan kiwo a wuri ɗaya har ciyawa ta kasa tofowa. Na uku shi ne sare itatuwa don itacen wuta da gawayi da katako, abin da ya tsananta a kewayen Suleja tun da jama'a suka ƙaru bayan dawowar gwamnati Abuja a 1991. Na huɗu shi ne fasa duwatsu ba bisa ƙa'ida ba. Na biyar shi ne ɗumamar yanayi. A bisa lissafin da aka kawo a baya, ƙarin digiri 1 daidai yake da tura kowane iri ya hau sama da kimanin mita 150. Wanda yake tsakiyar tsauni yana da wurin hawa. Wanda ya riga ya kai ƙololuwa fa?

Ina ruwan talaka da wannan?

Tambaya ce mai kyau. Malam-buɗe-littafi yana taimakawa wajen kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan, ko da yake ƙudan zuma ya fi shi wannan aiki. Tsutsarsa abincin tsuntsaye ce da ƙadangaru, waɗanda su kuma suke rage ƙwarin gona. Manomi ya kuma sani cewa tsutsar nan mai cinye masara, wadda ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, ta faɗa-wuta ce, ba tasa ba ce.

Amma babban amfaninsa shi ne shaida. Da yake kowane iri yana rataye da tsironsa, raguwarsu alama ce ta farko cewa tudu ya fara lalacewa. Tudun nan kuwa shi ne mafarin ruwa. Kogin Taraba da kogin Donga daga tsaunukan Mambila da Gashaka suke saukowa su shiga Binuwai. Kogin Kaduna daga tsaunin Jos ya taso, kuma shi ne yake juya injinan madatsar Shiroro a Jihar Neja, wadda aka buɗe a 1990. Ciyawa da kurmin kan tudu su ne suke tare ruwan sama, su sa ya nutse, ya riƙa fitowa a hankali har rani. Idan aka tsiraita tudu, ruwa yakan sauko gaba ɗaya da damina, ya kwashe ƙasa ya cike rafuka da yashi, da rani kuma rafi ya ƙafe. Abin da zai kori malam-buɗe-littafi daga kan tsauni, shi ne zai kori ruwa daga rijiyar ƙauyen da ke gindinsa.

Hukuma ta keɓe waɗansu wurare saboda wannan. Gandun dajin Ngel Nyaki a Mambila an kafa shi a 1969. Gandun Gashaka-Gumti, wanda ya ƙunshi Gangirwal, ya zama na ƙasa a 1991, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya. A 2011 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai. Sai dai yawancin duwatsun ƙasar nan, har da na Suleja, tsaronsu yana hannun mutanen da ke zaune a gindinsu.

Abin da ake bukata daga jama'a

1. Kada a sa wa daji wuta don farautar gafiya ko zomo. Inda ƙuna ta zama dole, a nemi shawarar malamin daji, a yi ta da wuri tun ciyawa tana da sauran ɗanye, a kuma share hanyar tare wuta a kewayen kurmi.

2. A bar itatuwan kan tudu da na bakin rafi a tsaye. Wanda ya sare ɗaya a gonarsa ya dasa biyu.

3. Makiyaya su riƙa sauya wurin kiwo, su ba ciyawar tudu lokacin farfaɗowa.

4. Masu fasa dutse su tsaya inda aka ba su izni. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa ido, su kai rahoto ga ƙaramar hukuma.

5. Manoma su yi feshin magani gwargwadon umurnin malamin gona, kada a yi shi lokacin da iska take kaɗawa.

6. Malaman makaranta su riƙa fita da yara su ƙidaya ire-iren da suka gani a wuri ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara, su rubuta a littafi. A kalla da ido, kada a kama. Littafin shekara goma na makaranta ɗaya zai gaya wa gari ko dajinsa yana nan da lafiya.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa ba a ganin malam-buɗe-littafi da sassafe a lokacin hunturu?

2. Mene ne amfanin kan tudu ga ire-iren da ke zaune a dajin ƙasa?

3. Garin da yake mita 2,000 bisa teku ya fi wanda yake bakin teku sanyi da kimanin digiri nawa?

4. Wace riba macen Redonda bordoni ta samu da rage fikafikanta, wace hasara kuma ta yi?

5. Wane rafi ne ya taso daga tudun da ya fi kusa da garin mai karatu, kuma yaya ruwansa yake da rani a yau idan an gwada da abin da dattawa suka sani?